Kwanon Jamus

Bremen, 20 ga Agusta, 1986

Yaya Mastura,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da ya baro rana ya zo ya tare a cikin ruwan sama. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Attiya da yara. Ni lafiya lau, in ban da haƙorin nan na hagu da ya hana ni sakat. Ki ce wa Attiya har yanzu ban zama Bajamushe ba, sallata biyar tana nan, ya daina yamaɗiɗi da ni a shagon Hajji.

Yaya, alfarma nake nema. Kin tuna kwanon Jamus, wanda marigayiya Inna take auna sha'ir da shi? Allah ya sa yana nan. Maigidana tsoho Wendt, wanda nake yi wa tuƙi da dakon kaya, ba shi da wani ciwo a duniya sai tara hulunan kwanon sojojin yaƙin duniya na biyu. Ɗaki guda ya cika da su, a jere kamar kankana a kasuwar Dab'a. Ranar nan ina share ƙura sai na ga wata gajeriya, marar bakin nan da ke rufe kunne da ƙeya. Na ce masa, “Ai muna da irin wannan a gida, mudun sha'ir ne.” Sai da ya nemi kujera ya zauna.

Ashe hular sojojin laima ce, waɗanda ake zubowa daga jirgin sama. An rage mata baki ne don kada iska ta fizge ta. Ya ce a 1942 an kawo runduna guda ta irin waɗannan ƙasarmu, amma ko sau ɗaya ba su diro daga sama ba. Kudu da Alamain aka jibge su suna haƙa rami kamar kowa, ba su da motoci. Da aka karya su, a ƙasa suka gudu, har suka ƙwace motocin Ingilishi a hanya. Ya san labarin nan fiye da yadda na san sunayen kakannina. Yana da irin hular guda shida, amma wadda ta fito daga hamada ita ce ya shekara ashirin yana nema.

Na riga na yi masa alkawari. Girgis, mutumin jirgin ruwan da ya kawo miki bargo bara, zai tashi daga Iskandariyya farkon Oktoba, sai ki aika masa. Tsohon ya riƙe ni da mutunci, ina so ya san ba daga gidan banza na fito ba.

Ƙaninki,
Miftah

Dab'a, 28 ga Satumba, 1986

Ƙanena Miftah,

Takardarka ta same mu lafiya. Yara suna gaishe ka. Ɓaure ya yi kyau bana, mun shanya har rufin ɗaki ya cika. Haƙori kuwa ka je a cire, tun kana yaro kake tsoron mai cire haƙori, ka girma hakanan.

Da idona ya faɗa kan kalmar yaƙi a takardarka, na ɗauka cewa za ka yi Attiya ya koma tsintar ƙarfe. Ka san shekara biyar ke nan rabonsa da Lambun Shaiɗan, filin nakiyoyin nan, tun ranar da nakiya ta ɗauke ƙaninsa ta haɗa da yatsunsa uku. Tun daga nan nake barci kamar sauran mata. Da na ga kwano kawai kake so, na ce ko goma ne ka ɗauka.

Maigidanka ya san sunan runduna, to ga abin da bai sani ba. Baba ya ce a bakin tsohuwar rijiyarmu ya tsinci mai hular, yaro ne ko gemu bai fara ba, leɓensa duk ya tsage. Ya ba shi ruwa a cikin hular tasa. Yaron ya sha, ya yi ta kiran uwarsa har ya cika. Na taɓa tambayar Baba yadda aka yi ya gane, tunda ba ya jin yarensu. Ya ce kiran uwa ba ya buƙatar tafinta. Shi ya binne shi, ya ɗauko hular saboda a lokacin ko kwano ɗaya ba su da shi a tanti.

Amma Miftah, ba zan aika da ƙazanta gidan babban mutum a ce daga hannun yayarka ta fito ba. Kwana uku na yi ina dirza da yashi da toka da lemun tsami. Fentin nan mai kalar ƙasa ya yi taurin kai, kamar da yashi aka kwaɓa shi, sai da na sa wuƙa. A gefe akwai hoton wani tsuntsu ya kifa kai ƙasa, rabinsa ya goge, na ƙarasa shi. Ragowar fatar da ke ciki, mai wani jagwalgwalon rubutu a jiki, na yanke na jefa a murhu. Sannan na shafe shi da man zaitun.

Attiya ya ɗaga shi ya duba ya ce, “'Yar baffa, ni da na aure ki shekara goma sha tara ba ki taɓa dirza tukunyata haka ba. Ga gemuna ina gani a ciki.” Na ce masa gemun ma dirza yake so.

Na cusa busasshen ɓaure a ciki. Kai ka ci, tsohon ya riƙe kwanon.

Yayarka,
Mastura

Bremen, 9 ga Nuwamba, 1986

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina lafiya a jiki.

Saƙo ya iso, da ma bai iso ba. Tsohon ya gayyato abokansa biyu, masu ciwo irin nasa, ya sa farin safar hannu, ya buɗe da kansa. Da ya ga abin da ke ciki sai ya ajiye shi a tebur. Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce, “Kwanon miya mai kyau.” Suka yi dariya. Ni ina tsaye riƙe da tiren kofi.

Yaya, abin da kika kankare shi ne hular. Fentin da kika ce ƙazanta ce, sojojin ne da kansu suka kwaɓa shi da yashin hamada don kada rana ta haska su, shi ne shaidar ta je Alamain. Tsuntsun tambarin rundunar ne. Rubutun da kika ƙona sunan mai ita ne, da shi za a iya gano garinsu da ranar da ya ɓace. Shekara arba'in da huɗu abin yana jikinta, yaƙi bai cire ba, sha'ir bai cire ba, ke kika cire a kwana uku. Garin neman gira kin rasa mana ido. Yanzu wanda ya gani sai ya ce jabu ce, ni kuma maƙaryaci.

Tun ranar tsohon bai ƙara ce mini in zauna mu sha kofi ba. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Na nuna masa a taswira inda rijiyarmu take, ya ce ramukan rundunar ba su da nisa daga nan, ta kudu. Attiya ya san wurin, da bakinsa ya taɓa ba ni labarin ramukan da ya gani cike da kaya. Da ina da suruki mai jin kunyata, da ya fitar da ni. Amma na san yanzu ɓaure ya fi masa daɗi.

Miftah

Dab'a, 6 ga Disamba, 1986

Miftah,

Muna lafiya zuwa yau. Ka karanta wannan a zaune.

Laifin kwano nawa ne, na ɗauka. Rashin sani ya fi dare duhu, kai kuma ba ka gaya mini mutanen can datti suke saye ba. Amma ashe ka manta yadda ake karɓar takarda a garin nan? Ba hannuna take fara zuwa ba. Shagon Hajji ake kawo ta, kuma takardar ƙasar waje a gaban maza ake buɗe ta, kowa ya ji labarin ɗan gari. Attiya ya karɓa yana murna, ya miƙa wa Hajji ya ce, “Karanta mana, mu ji yadda Bajamushen namu ya gode.” Hajji ya karanta tun daga sama har ƙasa, har maganar ɓaure.

Faraj, ɗan kawun Attiya, yana wurin, shi ya ba ni labari. Can wani ya ce, “To, mai ɓaure, ka ji fa.” Wani ya ƙara da cewa ai nakiyar ba yatsu kaɗai ta ɗauka ba. Attiya ya miƙe ya ce, “Na rantse da igiyar aurena, duka ukun, kafin watan Rajab ya kama sai na kawo wa Miftah hularsa daga cikin ramukan nan.” A gaban mutum goma sha ɗaya ya faɗa.

Ka san mu. Magana zarar bunu ce, irin wannan kuma ko ka mayar ba ta komawa. In Rajab ya kama ba hula, na saku, sakin da ba kome. In ya tafi kuwa, ka san inda za shi.

Na ce masa ya bari sakin ya faɗa, gara in koma gidanmu, yana raye ina jin tarinsa daga nesa. Ya ce, “'Yar baffa, shekara goma sha tara ina koya miki dafa shayi, sai yanzu da kika kusa iyawa zan bar wa wani?” Dariya yake yi, ni ina kuka.

Na je wurin liman, Shehu Abdulwanis. Ya ce ƙofa ɗaya ce. Attiya ya rantse ne zai biya maka buƙata, in mai buƙatar ya janye, aka karanta janyewar a gaban waɗanda suka ji rantsuwar, ta faɗi. Saboda haka layi ɗaya nake so daga gare ka. Ka rubuta ka ce ba ka so, ka yafe. Ka aiko shagon Hajji kamar waccan. Attiya ya yarda zai jira takardarka har kwanakin ƙarshe.

Ni na goya ka, Miftah, lokacin da Inna take kwance. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka,
Mastura

Dab'a, 25 ga Janairu, 1987

Miftah,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru, ko da yake in lafiyar ce ban san abin da zan kira ka ba. Wannan ce takarda ta uku. Kullum motar gidan waya ta tsaya sai na aika a duba, har Hajji ya fara kawar da kai in ya hango 'yata.

An yi ruwa bana irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Kowa yana murna sha'ir zai yi kyau, ni kaɗai nake jin saukarsa a ƙirjina. Ka san yadda masu tsintar ƙarfe suke shiga Lambun Shaiɗan. Hanyar da aka taɓa bi aka fito lafiya, ita ake jera wa duwatsu uku uku, wanda ya zo daga baya ya bi tsakaninsu. Attiya ya ce duwatsun da shi da ƙaninsa suka jera suna nan, ido rufe zai bi su. Na ce masa duwatsu suna nan, amma nakiyoyin fa? Kwari ya kawo ruwa sau biyu, kuma ruwa yana kwasar su ya ajiye inda ya ga dama. Shi ma ya sani. Ya ce, “Wanda ya shuka su ma ya mutu ya bar su, ke kuma kin ɗauko su kin kawo mana cikin ɗaki. Zuba mini shayi.”

Ya gyara tsohon tsinken ƙarfen da yake caka ƙasa da shi. Na ɓoye, ya samo. Na jefa a rijiya, ya ƙera wani.

Har na yi tunanin in rubuta takardar da kaina da sunanka. Amma ina zan samo kan sarkin Jamus, kuma Hajji ya san hannunka. Dubi inda ka kai ni, ina neman hanyar yi wa liman ƙarya.

In fushi kake yi da ni, ka yi, ka shekara goma ba ka gaishe ni ba. Ka dai rubuta layin nan. Saura kwana talatin da 'yan kai.

Mastura

Bremen, 24 ga Fabrairu, 1987

Yaya, Yaya Mastura,

Yau, yanzun nan, na karɓi takardunki uku a haɗe. Tun farkon Disamba na tashi daga ɗakin da nake haya na koma wani kusa da gidan tsohon. Na ce zan aiko miki da sabon adireshi in na huce, sai na yi ta jan rai. Matar tsohon gidan ta zuba takardun a aljihun tebur ta manta, sai yau da na je ɗaukar tsohuwar rigata ta miƙo mini. A kan matakalar gidanta na karanta su.

Na buga wayar telegiram daga gidan waya zuwa shagon Hajji, sun ce za ta riga wannan isa. Ga shi kuma da hannuna, a karanta a gaban kowa: ni Miftah ba na son hula, na janye, na yafe, rantsuwar Attiya ba ta da sauran abin riƙewa. Maganar ɓaure da na yi, ni ne ƙaramin mutum, ba shi ba. Attiya, ka yafe wa ƙaninka. Bakina ya fi hankalina sauri tun ina yaro, kai ka fi kowa sani.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, tsohon ya daɗe da mantawa. Mako biyu kawai ya yi yana shan ƙamshi. A Janairu ya sayi wata ta hamada a wurin wani ɗan Italiya, ya sa ta a gilashi, hankalinsa ya kwanta. Kwanonki yana kan teburinsa, makullan mota yake zubawa a ciki. Da na ba shi labarin yaron da Baba ya ba ruwa, ya ce labari ne mai kyau amma ba shi da takardar shaida.

Rajab bai kama ba tukuna, na duba. Ki rubuto ki ce mini yana zaune a ƙofar gida yana zagina.

Ƙaninki,
Miftah

Dab'a, 15 ga Maris, 1987

Miftah,

Yara suna lafiya. Sha'ir ya fitar da kai. Ina rubuto maka daga cikin ɗaki, don ba na fita yanzu, takaba nake yi.

Ya jira ka. Kada ka ce bai jira ba. Sai da ya rage kwana takwas Rajab ya kama sannan ya ce tafiyar kwana biyu ce, neman ramin ma sai ya ci kwanaki, ba zai tsaya wata ya fito ya same shi a gida ba. Da hantsi ya tafi, shi da Faraj da jaki. A ƙofa ya ce in ajiye masa ɓauren da ya fi laushi, kada in ba yara.

Faraj ya ce duwatsun suna nan yadda suka bar su. Attiya ya sa shi ya tsaya a bakin fili da jakin, ya shiga shi kaɗai yana caka ƙasa. Ya isa ramukan lafiya. Wuni guda ya yi yana tono, washegari da la'asar ya ɗago abin sama yana yi wa Faraj kirari daga nesa. A hanyar fitowa ne, tsakanin duwatsun, a wurin da ya taka da zai shiga ya wuce, taku ɗaya gefe. Ruwa ne ya kawo ta.

Faraj ya shiga ya ɗauko shi, Allah ya saka masa, bai ko duba inda yake sa ƙafa ba. Ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya aza shi a jaki. Attiya ya rungume hular a cikinsa bai saki ba. Yana magana har suka kusa titi. Ya tambayi Faraj ko wata ya tsaya, Faraj ya ce saura. Ya ce, “To ka shaida, matata tana nan matata.” Kafin su sami mota ya cika.

Wayarka ta iso ranar da muka yi kwana biyu da binne shi. Takardar ta biyo baya. Hajji ya kawo su da kansa, ya tsaya a bayan labule ya ce ko a bar su. Na ce a'a, a tara mutum goma sha ɗayan nan a karanta musu, tunda ka ce a gaban kowa. An karanta. Faraj ya ce ba wanda ya ɗaga kai, wanda ya ce masa mai ɓaure ya tashi ya fita tun ba a kai ƙarshe ba.

A takardarka ka roƙe shi gafara. Ba zan amsa maka a madadinsa ba, amma na san shi, da ya yi maka dariya ya ce Bajamushe ya yi laushi. Ni ce ban iya ba tukuna. Ina ƙaunarka, ina kuma jin zafinka, duka biyun a wuri ɗaya. Kaina ma ban yafe wa ba, don hannuna ne ya fara ɗaukar toka. Kada ka zo yanzu. In na fita takaba zan gaya maka.

Faraj zai kai wa Girgis saƙo. Na san ka ce ba ka so, na san maigidanka ya sami tasa. Amma mijina ya rantse zai kawo maka, kuma ba ni zan tsaya tsakaninsa da rantsuwarsa a taku na ƙarshe ba. Irin wadda kuke so ce, gajeriya, da fentin yashi, da tsuntsu, da suna a jikin fata. Ka ce wa tsohon wannan tana da shaida. In ya tambayi jinin da ya bushe a gefenta da cikin fatar, ka gaya masa sunan mai shi, Attiya ɗan Abdulkarim, ya rubuta a kan 'yar takardar da yake maƙalawa. Shi ma yaƙin nan ne ya ci shi, ya dai makara shekara arba'in da huɗu.

Faraj ya ce maganar da ya yi ta ƙarshe saƙo ne gare ni, kuma yana murmushi ya faɗa. Ya ce, “Ka ce wa 'yar baffa, wannan kada ta wanke.”

Ban wanke ba.

Yayarka,
Mastura